Alkamar Marainiya

Duk wanda ya san Alhaji Bawa Maikuɗi a kasuwar Talatar Mafara ya san shi da abu biyu: hatsi da daɗin baki. In ya kama gaishe ka sai ka manta abin da ya kawo ka rumfarsa, ka tafi da kayanka kana godiya, sai ka isa gida ka sake aunawa sannan jikinka ya yi sanyi. Shi ne yayan marigayi Ayuba. Shi ne kuma ya aika da mota aka kwaso matar Ayuba, Barira, da 'yarta Nagode daga sabon matsugunin da aka zuba mutanen ƙasar Maradun bayan ruwan madatsar Bakolori ya ci gonakinsu. Ya ce takaba a gidansa za a yi ta, domin matar ƙane amana ce, marainiya kuwa 'yarsa ce. Jama'a suka yi ta sa masa albarka. Barira ma ta sa, har da hawayenta.

Aka ba su ɗakin da ke can ƙuryar gida, jikin rumbu. Mai takaba ba ta kwalli, ba ta lalle, ba ta taka ƙofar gida sai kwanakinta sun cika, don haka duniyar Barira ta tsaya daga bakin murhu zuwa bakin rijiya. Hakan bai dame ta ba. Abin da ya rage mata a duniya yana gabanta, yana tsalle yana bin 'yan tsaki. Nagode ba ta wuce shekara shida ba, ga surutu kamar an kunna rediyo. Sai da Barira ta binne 'ya'ya uku kafin wannan ta zauna, shi ya sa aka raɗa mata sunan.

A gidan da awo ake tashi. Bayan sallar asuba Alhaji zai zauna bakin rumbu, ya auna wa matarsa Hajiya Taiba na tukunyarta da 'ya'yanta, sannan ya auna wa Barira mudu guda na gero, ita da 'yarta. Ba yawa, amma yana kai su yamma, har a rage ɗan na kunun safe.

Wata Talata, ranar kasuwa, Alhaji ya dawo tun kafin la'asar, fuska a murtuke, hannu ɗaya cikin babbar riga kamar mai ciwon ciki. Barira tana sheƙar gero a ƙofar ɗakinta, ta ji yana gaya wa Taiba:

"Masu duba awo sunka sauka kasuwa yau, ba ko sallama. Kowane mudu sai an cika shi an juye cikin nasu na gwamnati. Wanda yac cika a buga mai hatimi, wanda bai cika ba a sa guduma a hwashe shi gaban mutane. Ɗantala mai shinkahwa har ƙwalla yay yi."

"Kai hwa, Alhaji?" in ji Taiba.

"Ni yaro na? Babban nim miƙa masu, wanda nike saye da shi. Sunka buga mai hatimi, har da yaba man. Wanga kuwa ga shi."

Ya zaro wani mudu daga cikin riga. A ido ba shi da laifi, amma an bubbuga gindinsa ya turo ciki, an kuma ɗan rage bakinsa a maƙera. Da shi Alhaji yake sayarwa tun ba yau ba. Ya ce mudun zai ɗan huta a gida har ƙura ta lafa.

Bai huta ba. Washegari da shi aka auna wa Barira.

Hannun da ya tashi a gona ba ya bukatar sikeli. Tun da ta ɗaga ƙwaryar ta ji ta yi sauƙi, amma ta haɗiye, don a gidan wani take. Da aka kwana biyu tuwo yana ƙarewa kafin cikin Nagode ya cika, sai ta sami Taiba a bakin rijiya, ta gaishe ta, ta kewaya ta kewaya, sannan ta ce, "Hajiya, kamar awon nan ya ɗan ja baya."

"Mudu ai mudu na, Barira," in ji Taiba, ba ta ko daina jan guga ba. "Kuma cikin mai takaba ba shi son nauyi. Da babu gara ba daɗi."

Barira ba ta sake tayar da maganar ba. Ta nemo wa kanta dabara irin ta uwaye: in an sauke tuwo sai ta ce ta ƙoshi, ta tura wa yarinya kwanon, ita ta kankare ƙanzo. Ta tsiri azumin Litinin da Alhamis, ta ce ladan na Ayuba ne.

Ana nan sai wata safiya aka ji gangar mai shela can wajen bakin hanya. Ɗakin Barira ya yi nisa, ganga ce kawai take tsallako katanga, maganar ba ta isowa. Ta tambayi Taiba, "Mi anka ce?"

"Maganar gona ta, ba ta mata ba."

Da maganar ta iso, da Barira ta ji cewa irin alkamar nan mai jan launi da aka raba wa manoman sabbin filayen ban-ruwa an shafe shi da maganin ƙwari mai dafi, na shuka ne, ba na ci ba. Da ta ji cewa wasu sun karkatar da shi kasuwa har ya yi ɓarna a wani ƙauye wajen Bakura, kuma an ce duk mai shi a hannu ya mayar wa masu duba awo a ƙone. Alhaji Bawa kuwa ya ji sarai, domin shi ne ya bi manoman da ruwa bai kai filayensu ba ya saye irin a arha. Ya ɗauki 'yan buhuna kaɗan ya kai a idon jama'a, aka yaba masa. Sauran suka shigo gida a kan jakuna ta ƙofar baya, da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa inuwa.

Taiba ce ta wanke alkamar. Ta ja zana ta kare bayan rumbu, ta yi ta cuɗawa tana zubarwa, jan ruwa yana bin magudana. Da Barira ta tambaya sai ta ce jar ƙasar gonar ce. Aka shanya, ta bushe, ta fito fes. Da safe Alhaji ya cika ƙaramin mudun nan, ya juye a ƙwaryar Barira yana murmushi.

"Daga yau ke da ɗiyata alkama za ku ci. Gero ya yi maku tsauri."

Barira ta durƙusa ta yi ta godiya. A ƙauyensu alkama abincin salla ce da biki. Ta kai niƙa ta hannun Taiba, ta yi funkaso, ta murza taliya, ta dama kunu. Nagode ta ci tana rawa da kai, tana cewa gidan Baba Alhaji ya fi ko'ina daɗi. Matan unguwa masu shigowa gaisuwa suka gani, suka fita da labari: Alhaji Bawa marainiya yake ciyarwa da alkama, nasa 'ya'yan suna cin dawa. Shi kuwa in an faɗa masa a zaure sai ya shafa gemu ya ce, "Ai ɗiyar ɗan'uwa ta hi ɗiyar cikinka haƙƙi."

Taiba ma ta kafa wa 'ya'yanta doka: kada wanda ya kuskura ya sa hannu a kwanon Nagode, domin cin abincin maraya wuta ne. Barira ta ji wannan ta ƙara ganin girmanta, ta ce a ranta lalle an kawo ta gidan masu tsoron Allah.

A nan ɗacin labarin yake. Mudun bai ƙaru ba don an sauya hatsi, har yanzu abincin ba ya isar mutum biyu. Saboda haka Barira ta ci gaba da yadda ta saba: loma biyu ta ce ta ƙoshi, ta tura wa yarinya sauran. Duk son da take yi wa 'yarta a cikin kwanon nan take zuba shi, kullum, safe da yamma, da hannunta.

Kajin gidan ne suka fara. Waɗanda suke tsattsaga a bayan rumbu suka riƙa tangaɗi suna faɗuwa. Alhaji ya ce annobar kaji ce, tana yawo a gari, ya sa aka haƙa rami aka binne su.

Bayan 'yan makonni Nagode ta fara cewa kiyashi yana yawo a yatsunta. Barira ta duba ba ta ga komai ba, ta shafa mata man shanu. Sai ludayi ya fara suɓucewa daga hannun yarinyar. Sai tafiya ta sauya, ta riƙa ware ƙafa tana dafa bango, yarinyar da a da sai an yi da gaske ake kama ta. Surutun nan ma ya ja baya, magana ta riƙa fita a jajjaye kamar harshen ya yi mata yawa a baki. Barira ita ma takan ji ɗan tsami a bakin yatsunta, amma ba ta kula ba, idonta yana kan 'yarta.

Ta tari Alhaji a bakin rumbu. "Yaya, yarinyar ga ba ta da lahiya. A taimaka a kai ta asibiti."

"Shawara ta," in ji shi. "Yara duk haka suke in zahi ya shigo." Ya aiko da saiwoyi aka jiƙa.

Da saiwoyi ba su yi ba, ta sake komawa. Wannan karon ya girgiza kai kamar mai tausayi. "Barira, kun baro ƙauye ruwa ya hau bisa kushewu da tsohhin itatuwa. Mutanen ɓoye da anka tasa, ina kike zaton sunka nuhwa? Wanga ba ciwon allura ba na." Ya sa aka yi rubutu, aka kawo turaren hayaƙi, duk daga aljihunsa, ya tabbatar unguwa ta sani.

Ta koma karo na uku, ranar da Nagode ta tashi za ta je bakin rijiya ta yi karo da turmi, goshi ya fashe. Alhaji ya ce, "Ke ba ki hita, takaba gare ki. Ni kuwa kasuwa ba ta bari na. Bari mu ga bayan Talata." Talata ta zo ta wuce, wata ma ta zo.

Barira ta rame, ba don yunwa kaɗai ba. Tsoro ya zauna mata a ƙirji, irin wanda ta sani tun daga kan ukun da ta binne. Abin da ta iya yi shi ne ta ƙara kyautata abincin. Ta ce ai mara lafiya sai da abu mai laushi, ta riƙa dama kunun alkamar da kauri tana ba ta da ludayi, tana lallashi, "Ƙara ɗaya, Nagode, don ki yi ƙarhi."

Wata Litinin da hantsi ta soya funkaso, ta zaunar da Nagode a tabarma ta sa mata a gaba. Hasana, ƙaramar 'yar Taiba, ta zo ta tsuguna tana kallo. Nagode, da hannunta mai rawa, ta gutsura ta miƙa mata. Hasana ta kai baki ke nan sai ga Taiba ta taso daga madafa a guje, zane yana warwarewa. Ta buge hannun, ta cafki Hasana, ta zura mata yatsa a maƙogwaro har ta amayar, ta ɗauraye mata baki tana salati, tana kuka.

Barira tana tsaye da matsami a hannu. Ta taɓa ganin uwa ta tsawata wa ɗa don ya ci haram. Ba ta taɓa ganin an sa yaro amai saboda zunubi ba.

"Hajiya," ta ce a hankali, "mi ke cikin abincin ga?"

Taiba ba ta dube ta ba. Ta saɓi 'yarta ta shige ɗaki, ta saki labule.

Da azahar ɗin ranar Allah ya kawo Gwaggo Gimbiya, ƙanwar mahaifin Barira, daga Bakura. Ciwon ƙafa ne ya hana ta zuwa ta'aziyya da wuri. Aka yi doguwar gaisuwa, aka yi wa mamaci addu'a, tsohuwa ta dubi Nagode a kwance. Barira ta jawo ƙwaryar alkama ta ajiye mata a gaba. Gwaggo ta ɗebi kaɗan, ta matsa bakin ƙofa wurin haske, ta sa farce a tsagin ƙwaya ɗaya. Can ciki, inda ruwa bai kai ba, ja ne.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Barira, wagga kuke ci?"

"Ita Yaya ke auna muna."

"Tun yaushe?"

Barira ta faɗa mata. Tsohuwa ta dafe kai. "Ke ba ki ji shela ba? Ko da yake ina za ki ji, kina ƙunshe. Wajenmu wani ya wanke ta ya ba awakinai, sunka mutu. Wani gida kuwa mutane sunka ci. Ɗiyata, wanki ja yake hiddawa, ba shi hidda dahi."

Barira ta dubi hannuwanta, ta dubi ludayin da ke cikin kwanon kunu. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta kwashe funkason da kunun ta kai bayan gida ta zuba a masai, ta dawo ta zauna ta ɗora kan Nagode a cinyarta, har aka yi kiran magariba ba ta motsa ba.

Da asubar Talata Alhaji ya zauna bakin rumbu kamar kullum, Taiba tana gefe da ƙwaryarta. Barira ta zo ta durƙusa, ta gaishe shi yadda ta saba, amma ba ta miƙa ƙwarya ba.

"Yaya, wagga alkama ita ta anka yi shela a maida?"

Hannunsa ya tsaya a cikin buhu. "Wa yag gaya maki? Tsohuwar ga ko? Daga zuwa sai haɗa gida."

"Ita ta ko ba ita ba?"

"An wanke ta, Barira, wanki ba ɗaya ba. Su ma'aikata in ba su tsorata talaka ba abinci ba shi narke masu. Da can kahin su zo ba mu san hatsi ba?"

"To don mi Hasana ba ta ci?"

Ya yi kamar bai ji ba. Taiba ce ta amsa, kanta a ƙasa. "Ni ban saya ba, ban auna ba. Wanki anka sa ni, niw wanke. Mace na da ta cewa gidan miji?"

"Kina da ta cewa ranar da tak kai bakin ɗiyarki," in ji Barira.

Alhaji ya jefar da mudun cikin buhu. "Ke, kama bakinki! In haƙa rami in zuba buhunna in sa wuta, ga bakuna cikin gida suna son ci? Ba almubazzaranci ke nan ba? Cuta da lahiya na Allah na. Ukun da kinka binne can ƙauye, alkamata sunka ci?"

Maganar ta soke ta har sai da ta dafa ƙasa. Da ya ga haka sai ya sassauta murya, ya koma Alhajin kasuwa. "Shi ke nan, tun da ba ki so, yau a koma gero. Amma magana ta mutu nan. Asibiti kuwa ki bari tukuna. In an je tambaya za su yi, mi tac ci, wa yab ba ta, su ja sunan gidan ga cikin ƙasa. Gidan ga kuwa shi na rufin asirinki. Kuma ki sani, in kinka taka ƙohwar gida da takaba bisa kanki, ke da Allah, ke da Ayuba." Ya kaɗe rigarsa ya tafi kasuwa.

Barira ta koma ɗaki. Ba wasa take yi da takaba ba. Ta yarda haƙƙin Ayuba ne na ƙarshe a kanta, kuma tana tsoron abin da za a ce, tana tsoron abin da za ta tarar gobe kiyama. Ta zauna ta tashi, ta sake zama. Gwaggo Gimbiya tana kallon ta daga kan tabarma.

"Gwaggo, in na hita na saɓa."

"Ni ba malama ba ta," in ji tsohuwa. "Amma na san Ayuba ya riga ya kwanta. Wagga kuwa da ranta."

Barira ta ɗaura zane, ta goya Nagode, ƙafafun yarinyar suna reto har gwiwarta. Ta biya bakin rumbu, ta tarar da mudun inda Alhaji ya jefar da shi, ta cika shi da alkamar. Taiba tana tsaye a tsakar gida tana kallon ta. Barira ta ratsa zaure ta fita, hasken titi ya kashe mata ido.

Kasuwa ta cika maƙil, ga albasa, ga shinkafar Bakolori, ga jakuna da motocin ƙauye. Tun daga bakin shiga aka fara nuna ta. Zanen jikinta da fuskarta ba kwalli sun isa shaida. "Ba matar marigayi Ayuba ba ta? Ai ba ta gama ba." "Subhanallahi, duniya ta zo ƙarshe." Ba ta waiwaya ba. Ta yi tambaya aka nuna mata gindin wata bishiya inda babban mai duba awo, Malam Jibrin, yake zaune da teburinsa, mudun gwamnati da hatimi da guduma a gabansa, buhunan da aka mayar a jibge a bayansa.

Ta dire mudun a kan teburin. Malam Jibrin ya ɗebi alkamar ya murza, ya duba tsagin, ya ɗago ya dubi yarinyar da ke bayanta. Fuskarsa ta sauya.

"Malama, wa ya sayar miki da wannan?"

"Ba a saida man ba. Awon gida na."

"Yarinyar ta ci?"

"Ita ta hi ci. Mudun ba shi isar mu, sai in bar mata."

Ya juye alkamar cikin mudun gwamnati, ta tsaya can ƙasa da baki. Ya kifa nata ya ga gindin. Ya tambayi sunan maigidan, ta faɗa, mutanen da suka kewaye su suka ɗauki salati. Aka aika kiran Alhaji Bawa.

Ya zo ba gaggawa, carbi a hannu, ya gaishe da Malam Jibrin, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Gusau. Sannan ya dubi teburin ya tafa hannu.

"Ranka ya daɗe, ai ragowar buhunna na da nim manta cikin rumbu, yau nike shirin kawo su. Mata na, da rashin sani, sunka ɗiba ban sani ba. Mudu kuwa tsoho na, tsabar kaji ake zuba wa da shi. Wagga baiwar Allah baƙin ciki ya taɓa ta, a yi mata uzuri. Ku tambayi unguwa yadda nike riƙe da su."

Wasu dattawa suka gyaɗa kai. Malam Jibrin bai yarda ba, kowa ya ga haka a idonsa. Ya sa ma'aikatansa su bi Alhaji gida su kwaso duk buhun da ke rumbun. Ya ɗora mudun a kan dutse ya sauke masa guduma har ya baje. Sannan ya juyo wurin Barira, ya rage murya, kamar mai jin kunya.

"Malama, buhunan zan ƙone su. Amma ikon da aka ba ni a kan abin da aka kasa a kasuwa ne. Da ya sayar miki ko mudu ɗaya, yau da ya kwana a hannun hukuma. Abin da mutum ya auna wa iyalinsa a cikin gidansa, ba ni da hurumi a kai. Motarmu za ta kai ku asibiti yanzu, bari a sauke kayan da ke ciki."

Haka aka yi. Doka ta san hanyar kasuwa, ta san kowace rumfa da kowane mudu, tana kare baƙon da ya zo sayen tiya ɗaya ya wuce. Amma in ta zo zaure sai ta tuɓe takalmi ta tsaya, ta bar na ciki da wanda yake ciyar da su. Mudun da aka hana Alhaji ya cuci baƙo da shi, da hatsin da aka hana shi sayar wa baƙo, duk sun sami wurin zuwa, wurin waɗanda ba su da bakin ƙi, har ana sa masa albarka. Kafin azahar ya koma rumfarsa yana gaisawa da masu saye. Wani dattijo ya matso ya ce wa Barira ta yi haƙuri, zumunci ya fi gaban wannan, a rufa asiri. Mata biyu masu sayar da daddawa kuwa ba alkamar ce ta dame su ba, gardama suke ko sai ta sake takabar daga farko.

Barira ba ta ji su ba. Tana tsaye a gefen mota tana jiran a gama sauke buhuna, rana ta take tsaka, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, kwanonin rumfuna suna walƙiya. Ta ji Nagode ta motsa a bayanta.

"Inna."

"Na'am, ɗiyata. Yanzu za mu tahi."

Yarinyar ta yi ta kokawa da harshenta kafin maganar ta fito. "Inna, dare ya yi. Ba ki kunna hitila ba."

Barira ta kwance goyon, ta juyo da ita, ta tallafe fuskarta ta fuskanci rana. Idanun a buɗe suke tar, ba su ƙifta ba. Ta gitta hannu a gabansu, ta sake gittawa. Sai ta rungume ta a ƙirji, ta sa baki a kunnenta don kada yarinyar ta ji yadda muryar take rawa.

"Yi haƙuri, Nagode," ta ce. "Yanzu zan kunna."